Zan iya shiga da sababbin masu nutso cikin jirgin Thistlegorm?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da samun shaidar jagoran masu nutso ba, ina aiki a Sharm el-Sheikh ta Masar. An ba ni mutum shida in kai su Thistlegorm, jirgin dakon kayan Birtaniya da ke nutse a Bahar Maliya, biyu daga cikinsu shaidarsu ta nutso zurfin mita 18 ce iyakarta. Mai jirginmu ya ce in ratsa da su ta rumbunan kaya su ga babura, wai tunda ina gaba kuma ana hangen haske, ba komai. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kai mutum biyun nan. Jirgin, tun da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar da shi a watan Oktoban 1941, yana kwance ne a zurfin kusan mita 30, rumbunan da baburan suke kuwa sun wuce iyakar shaidarsu.

Sauran huɗun, ku sauka riƙe da igiyar da aka ɗaure a jikin jirgin, ku hau ta ita, domin ruwan wurin yana ja da ƙarfi. Kai a gaba, gogagge ɗaya a baya, kowa da abokinsa da balan-balan ɗin alama da ake sakewa sama don jirginku ya san inda kuke. Tukunyar iska mai lita 12 a bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) lita 2,400 ce. Mai shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa, 80 zai sha a mita 30 saboda matsin ruwa, wato rabin sa'a ta ƙare ƙaf, in ya firgita kuma rabin hakan. Saboda haka ma'aunin wanda ya fi kowa shan iska shi ne agogon tafiyar. Ku dawo gindin igiya da aƙalla bar 80, ku hau a hankali, mita 9 a minti, ku tsaya minti 3 a mita 5.

Maganar "ana hangen haske" ita ce ke ba ni takaici, kullum sai an ji ta a bakin masu neman kuɗin ɗan kallo. Hasken da ka gani lokacin shiga ba shi na biyar a layi zai gani ba. Ƙafa ɗaya ta bugi ƙasa, laka ta tashi. Kumfar numfashinku ta daki rufin, tsatsar shekaru ta zubo. Kafin ka waiwaya ruwan ya zama kamar kunu, tocila ba ta nuna komai sai ƙurar da ke gabanta. Wanda bai saba ba, da ya firgita sama yake nufa, sama kuwa ƙarfe ne. Zai buga kai, tiyonsa ya maƙale a waya, numfashi ya ninka. Kai da ke gaba ba ka ganinsa, kuma a lungun da mutum ɗaya ke wucewa ba za ka iya juyowa ka miƙa masa iska ba. To me kasancewarka a gaba ta tsinana masa?

Wanda zai shiga ƙarƙashin rufi sai mai horon shiga jirgi, da zaren da aka ɗaura daga ƙofa, da tocila biyu, da wuƙa. Iska kashi uku: ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya ajiya. Zurfi da nisan shiga in an haɗa kada su wuce mita 40. Wanda bai cika waɗannan ba, sai ya leƙa daga bakin rumbu, zai ga motoci. Harsasai da bama-baman da ke warwatse wajen da bam ya fasa jirgin, kada kowa ya taɓa.

Kafin ku tashi, duba da idonka akwai oksijin a jirginku, ka riƙe lambar asibitin matsin iska na Sharm, inda ake jinyar masu nutso. In wani ya fito da ciwon gaɓoɓi ko mutuwar jiki, a kwantar da shi, a ba shi oksijin, a nufi asibiti. Kada wani ya ce a mayar da shi ruwa ko a gasa masa jiki. In mai jirgi ya nace, ka ce ya nemi wani jagoran, rayukan nan amana ce a wuyanka.