Amsa: narkar da calkofirit da bakteriya ya tsaya cak

Malam, tambayarka kan yadda tagulla ta daina fitowa bayan 'yan makonni, wallahi calkofirit, wato dutsen da ake narkarwa da bakteriya don fitar da tagulla, haka yake, kowa kuka yake da shi. Wani ɓawon farar wuta da jarosait (wani ma'adini mai ɗauke da ƙarfe da ke sauka daga ruwan asid) ne ke rufe fuskar dutsen, asid ya kasa shiga.

Fara duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ka riƙe shi tsakanin 1.5 da 2, in ya haura jarosait zai yi ta sauka, za ka ga ruwan dorawa-dorawa ya manne a jikin tsakuwa. Sai iska, bakteriyar da ke wannan aikin, Acidithiobacillus ferrooxidans, na buƙatar iskar oksijin da kabon dayoksaid, shi ya sa a manyan tulin ma'adinai na Chile ake hura iska ta bututu daga ƙasa, in laka ta toshe tulin kuwa an gama, gara ka dunƙule garin dutsen da asid kafin ka tara.

Ni dai shawarata ka koma ga ƙwayoyin halitta masu son zafi irin Sulfolobus, wajen digiri 70 na Selsiyos, su ne ke cin calkofirit sosai. Kuma ka gwada ruwanka, gishirin kuloraid na kashe bakteriyar Acidithiobacillus da wuri.