Amsa Kan Faifan Barkwanci Da Ke Kwaikwayon Waƙoƙin Bach Da Handel

Ɗan'uwa, ka ce ka ji wani faifai da mawaƙa ke rera abin da ya yi kama da waƙar Bach ko Handel, mashahuran masu tsara waƙoƙi 'yan asalin Jamus na ƙarni na 18, alhali 'yan kallo suna ta dariya, kana son sanin ko rashin iyawa ne, da kuma ko ƙungiyarku ta mawaƙan coci za ta iya gwada irinsa a bikin ƙarshen shekara. Na daɗe ina koyar da mawaƙan coci rera waƙa da murya huɗu, kuma abin da na tabbatar shi ne, irin wannan raha ta fi waƙar da take kwaikwaya wuyar rerawa.

Gwanin wannan fanni shi ne Peter Schickele, Ba'amurke da ya yi karatun kiɗa a makarantar Juilliard ta New York, wanda ya rasu a watan Janairun 2024. Ya ƙirƙiro wani mawaƙin bogi mai suna P.D.Q. Bach, ya ce shi ne na 21 cikin 'ya'ya 20 na Johann Sebastian Bach, sannan tun daga 1965 ya riƙa gabatar da waƙoƙin da shi da kansa ya tsara da sunan wai tono su ya yi. A cikin waƙarsa mai suna The Seasonings ya ɗauki fasalin babbar waƙar yanayin shekara ta Haydn, mai tsara waƙoƙi ɗan Austriya, ya sa mawaƙa suna yabon kayan ƙamshin girki da dukan ƙarfin muryarsu, a cikin Oedipus Tex kuma ya kwashe tsohon labarin Girkawa na Sarki Oedipus ya kai shi wurin makiyayan jihar Texas. Faifansa sun ci kyautar Grammy ta barkwanci sau huɗu a jere, daga 1990 zuwa 1993, kuma duk wanda ya saurare su da kunnen basira zai ji cewa ƙwararru ne ke rerawa.

Wahalar tana bayyana ne a wurin gwaji. Idan na umurci masu babbar murya su makara da bugu ɗaya da gangan, sai in ga masu siririyar murya sun dakata suna jiransu, ko kuma wani a sahun baya ya yi murmushi tun kafin a iso wurin, shi ke nan abin dariyar ya lalace. Dole ne sauran muryoyi uku su tsaya daram a kan daidai, fuskoki a murtuke, domin sai an ji daidai ne kuskuren ganganci yake fitowa. Haka shi ma mai sauraro, idan bai san yadda muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya a waƙar asali ba, hayaniya kawai zai ji.

Akwai wani nau'i dabam, wato ƙungiyar makaɗa ta Portsmouth Sinfonia da Gavin Bryars ya kafa a Ingila a 1970, wadda mambobinta ba su ƙware a kayan kiɗan da suka riƙe ba amma suna yin iyakar ƙoƙarinsu, har suka gabatar da Halleluya ta Handel a zauren Royal Albert da ke Landan a 1974. Ba na ba ku shawarar bin wannan hanya, domin jama'arku za su ɗauka kasawa ce kawai, kuma kalmomin waƙar na ibada ne waɗanda bai dace a mai da su abin wasa ba.

Misalin da na fi so ku duba shi ne na Master Singers, wasu malaman makaranta a Ingila waɗanda a 1966 suka rera ƙa'idojin bin hanya na Birtaniya da salon da Cocin Angilika ke rera Zabura, daga baya kuma suka yi wa hasashen yanayi haka. Ba su karkata ko da murya ɗaya ba, dariyar duka tana cikin haɗuwar salo mai nauyi da zancen tsallaka titi. Ku ɗauki jerin farashin kayan miya ko dokokin zuwa gwaji a kan lokaci, ku ɗora su a kan karin da kuka riga kuka iya sosai, ku fitar da kowane harafi sarai yadda na ƙarshen zaure zai ji. Ku nemi amincewar dattawanku tukuna, kuma ku yi shi a wurin walima bayan an tashi daga sujada.