Ƙawata ta rasu, ana ce mun kukan da nake yi rashin bangaskiya ne

Tambaya:
Mama barka da aiki. Ƙawata ta rasu wata 4 kenan bayan jinyar sati 2, tun muna firamare muke tare, a Zumuntar Mata ma benci ɗaya muke zama, ita ke buga tulu ni ina bada waƙa. Har yanzu in aka fara waƙa a coci sai hawaye ya kama ni in fita waje, kuma na kasa goge lambarta a waya, da dare ina kunna saƙon muryarta na WhatsApp ina ji. Wata dattijiya ta ce mun mai bi baya kuka haka tunda mun san ta tafi wurin Ubangiji. Na yi addu'a sosai Allah ya tashe ta bai tashe ta ba, wani lokaci har haushi nake ji. Mama na yi zunubi ne?
Daga 'yarki a Kafanchan

Amsa:
Sannu 'yata, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Baki yi zunubi ba.

Ki buɗe Yahaya sura 11 ki karanta a hankali. Li'azaru abokin Yesu ne, da bakinsa ya kira shi abokinmu a aya ta 11, kuma tun kafin ya kama hanyar Betanya ya riga ya faɗa wa almajirai cewa zai je ya tashe shi. Toh kin gani, ya san ƙarshen zancen, ya san yau ɗin nan mutumin da ya kwana 4 a kabari zai fito da ƙafarsa, amma da ya ga Maryamu 'yar'uwar Li'azaru tana kuka, jama'a na kuka, sai shi ma ya yi hawaye, aya ta 35. Mutanen da ke tsaye a wurin abin da suka ce shi ne, dubi yadda yake ƙaunarsa. Ni wannan ayar ita ta riƙe ni lokacin da na binne tawa aminiyar, na fi shekara ban iya bin layin gidansu ba.

Haushin da kike ji ma Marta ta riga ki, ita ce ta tare shi a hanya ta ce da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, kuma bai tsawata mata ba, a nan ne ma ya ce mata shi ne tashin matattu shi ne kuma rai. Ki faɗa masa naki yadda yake a zuciyarki, ba sai kin gyara kalmomi ba.

Dattijiyar nan nasan da kyakkyawar niyya ta yi magana, ina jin 1 Tasalonikawa 4:13 take nufi, amma Bulus bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Ke kina da bege ai, kin san za ki sake ganinta, sai dai kafin ranar akwai benci da babu kowa a gefenki duk Lahadi, dole ya yi zafi.

Abin da ke ƙara wa irinku nauyi shi ne in an yi rasuwa miji da iyaye da yara ake wa gaisuwa, ƙawa kuwa tana bayan gida tana hura wuta tana raba abinci wa baƙi, ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata sannu. Dawuda da Jonatan ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma dubi makokin da ya yi masa a 2 Sama'ila sura 1 bayan yaƙin Dutsen Gilbowa, ɗan'uwana ya kira shi.

Lambar kar ki tilasta wa kanki gogewa. Amma in kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci baya shiga, ko kina jin gara ki bi ta, dan Allah kar ki ɓoye, ki samu matar fasto ko likita cikin satin nan.

Baki faɗa mun ko ta bar yara ba. In ta bari, ki karanta 2 Sama'ila sura 9, yadda Dawuda ya sa aka nemo Mefiboshet gurgun ɗan Jonatan ya riƙa cin abinci a teburinsa kullum. Ki je ki duba su ran Asabar, in akwai mace ki yi mata kitso, ki basu labarin mamansu lokacin da kuke firamare.