Shin mai mai tsada zai kawar da jijjigar sabuwar a-kori-kura mai turbo?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka. Watanni kaɗan da suka wuce na sayi sabuwar a-kori-kura mai injin turbo, silinda huɗu. Littafinta ya ce a zuba mata fetur mai lamba 87 ko sama da haka, kuma tun da na ɗauko ta 87 nake sha. Damuwata jijjiga ce. Ina jin ta idan na tsaya a danja giya na kan D, ina kuma jin ta idan ina tafiya a hankali cikin gari na ɗan ɗora ƙafa a totur, sai ƙasan motar ya ɗauki gurnani. Wani abokin aikina ya ce turbo ba ta son mai araha, in koma 93. Na zuba tanki ɗaya, kamar an samu sauƙi, amma ban tabbata ba. Bambancin kuɗin ya kusa dala guda a kowane galan. Shin 87 yana yi wa injin illa? In koma 93 gaba ɗaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Tun da littafin motarka ya ce 87, to 87 ba zai lalata maka inji ba. Shi kuma 93 ba maganin jijjiga ba ne. Akwai wuri guda a cikin abin da ka bayyana inda zai iya ɗan taɓa yadda kake jin motar, zan zo kansa. Amma abin da nake gudar maka shi ne ka riƙa biyan ƙarin kuɗi kowane mako kana rufe wata alama da ya kamata kamfani ya duba maka kyauta tun motar tana cikin garanti.

Lambar da kake gani a jikin famfo, 87 ko 89 ko 93, ba ta auna ƙarfin mai, ba ta kuma auna tsabtarsa. Juriyarsa take aunawa: iya matsi da zafin da zai ɗauka kafin ya kama wuta da kansa. A cikin silinda, fistin yana matse iska da mai, filogi ya ba da wuta, wutar ta bazu a jere har ta cinye komai. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa kafin lokacinsa. Wannan shi ne ƙwanƙwasa, ƙarar nan mai kama da tsakuwa a cikin gwangwani. Turbo tana tura iska fiye da wadda inji zai iya zuƙa da kansa, don haka matsi da zafi sun fi yawa, injin kuma ya fi kusa da wannan iyaka. Nan abokin aikinka yake da gaskiya.

Abin da bai kawo ba shi ne, injin yanzu yana da kunne. A jikinsa akwai na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji alamarta sai kwamfutar motar ta jinkirta wutar filogi kaɗan, in ta kama ta rage matsin turbo, duk kafin kai ka ji komai. Abin da ka rasa shi ne ɗan ƙarfi, injin kuma yana nan lafiya. Idan ka zuba 93, kwamfutar tana samun sarari ta matso da wutar gaba, ƙarfin ya dawo. Shi ya sa littafin Ford F-150 mai injin turbo da ake kira EcoBoost yake cewa an ƙera motar don 87, amma 91 ko sama ya fi fito da ƙarfinta, musamman lokacin zafi ko in ana jan tirela. Toyota Tundra ta 2022 zuwa yau da Tacoma ta 2024, da Chevrolet Silverado mai lita 2.7, duk turbo ne, duk 87 suke sha. Akwai kuma waɗanda littafinsu ya wajabta 91, kamar injin Hurricane mafi ƙarfi da ke cikin wasu Ram 1500. Mai irin wannan motar ba shi da zaɓi. Kai kana da shi.

Ribar nawa ce? Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada a 2017, a kan motocin da kamfanoninsu suka ce mai tsada ya fi amma bai zama dole ba. A matsakaici, tsimin mai ya ƙaru da kashi 2.7 cikin ɗari, ƙarfi kuma da kashi 1.4. Ka ɗora wannan a kan kusan dala guda da ka ce kana ƙarawa a galan, lissafin ba ya fita. Shekara guda kafin nan, ƙungiyar ta ƙiyasta cewa Amurkawa sun kashe sama da dala biliyan 2.1 a shekara ɗaya wajen zuba mai tsada a motocin da aka ƙera don 87, ba tare da sun samu komai ba.

Yanzu ga jijjigar, kuma iri biyu ka faɗa mini, ba su da asali ɗaya.

Ta tsayuwa a danja ba ruwanta da lambar mai. Lokacin da mota ke silo, totur a rufe yake, turbo ba ta tura komai, matsin da ke cikin silinda kaɗan ne, ƙwanƙwasa ba ta ma da hanyar faruwa. Juriyar da ka saya da tsada tana zaune ne kawai ba aikin yi. Abin da kake ji lissafi ne na ƙirar injin. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. In yana juyi 700 a minti, bugu 1,400 ke nan, wajen 23 a daƙiƙa, kuma jikin mutum yana jin irin wannan bugu sarai ta kujera da sitiyari. Mai silinda takwas a wannan juyin bugu 2,800 yake yi, ƙanana kuma a kusa da juna, shi ya sa yake zama luf. Idan daga babbar mota mai silinda shida ko takwas ka dawo wannan, dole ka ji bambanci, duk da sandunan daidaita jijjiga da ake sa wa manyan injuna masu silinda huɗu. Ka ƙara da giya a D tana ja, birki yana riƙewa, ga kwamfresar AC tana kamawa tana saki a zafin Texas. Gwada wannan: kana tsaye ka mayar da giya N, ka kashe AC. In jijjigar ta lafa sosai kuma allurar juyi tana tsaye wuri guda, yawanci halin injin ne. In kuwa allurar tana hawa tana sauka, ko motar tana zabura jefi-jefi, to ana zancen misin, ko filogi, ko kwayil, ko nozul, ko robar da injin ke zaune a kai. Sabuwar mota ma tana iya fitowa da ɗaya daga cikinsu da matsala.

Gurnanin tafiya a hankali shi ne ya fi jan hankalina, domin nan ne zancen mai yake da ɗan gurbi. Motocin nan suna zuwa da giya takwas ko goma, kuma an tsara kwamfutarsu ta haye babbar giya da wuri don tsimin mai. Za ka tarar kana tafiyar mil 35 ko 40 a awa, injin yana juyi 1,200 zuwa 1,500 kacal. A lokacin kuma giyabos ya kulle kansa da injin kai tsaye, man da ke tsakaninsu wanda ya saba shanye bugu ya fita daga lissafi, sai kowane bugun fistin ya bi ta farfela ya iso ƙasan kujerarka. An ƙera injin turbo ya ba da ƙarfi tun yana ƙasa, ta Tacoma alal misali tana kai ƙololuwar ƙarfin juyinta a 1,700, don haka kwamfutar ba ta ganin dalilin sauke giya. Wasu injunan, kamar na lita 2.7 na Silverado, har kashe silinda biyu suke yi in kaya ba nauyi, wannan ma yana da tasa jijjigar. Ƙaramin juyi da nauyi a kan inji shi ne daidai yanayin da ƙwanƙwasa ta fi so, shi ne kuma inda kwamfuta ta fi ja da wuta baya. Da 93, injin zai iya ɗan fi amsa totur a nan, ka wuce wurin gurnanin da sauri. Saboda haka sauƙin da ka ji yana iya zama gaskiya. Sai dai tushen gurnanin giya ce, kuma kana da maganinsa kyauta: danna maɓallin Sport ko Tow/Haul, ko ka sauke giya ɗaya da hannu. In juyi ya hau 2,000 gurnanin ya ɓace, ka gano shi.

Wannan dabarar ita ce mabuɗin duk wata jijjigar mota. Ka riƙe gudu ɗaya, ka canza giya. In jijjigar ta canza, juyin inji take bi. In ta tsaya yadda take, gudun mota take bi, sai a koma kan taya da farfela. Wadda ke fitowa tsakanin mil 55 zuwa 70 a awa kusan kullum balansin taya ne, ko tayar da ta daɗe a tsaye a filin dila har gefe ɗaya ya ɗan kwanta. Ka auna iskar tayoyin da safe ka gwada da takardar da ke manne a ƙofar direba, domin ana yi wa sababbin motoci iska fiye da kima don jigila, wani lokaci a manta ba a rage ba. In sai ka taka birki take zuwa, faifan birki ne. A-kori-kura kuma in bayanta ba kaya tana tsalle a titin kankare, sifirin ɗinta na ɗaukar nauyi ne.

Tanki ɗaya ba ya isa hukunci. Rabin tanki na 87 da rabi na 93 ya zama wajen 90 ne, kwamfutar ma tana ɗaukar lokaci kafin ta saba, kuma wanda ya biya ƙarin kuɗi zuciyarsa tana son ta ji sauƙi. In kana son gaskiyar lamarin, bari tanki ya yi ƙasa, ka ba wani na gida ya riƙa sha maka mai ba tare da ya gaya maka wanne ya zuba ba, tanki biyu na wannan, biyu na wancan, a hanya ɗaya. Ka rubuta abin da ka ji, sannan ka tambaye shi.

Abin da na fi so ka kula da shi a gidan mai shi ne alamar Top Tier. Tsari ne da BMW da General Motors da Honda da Toyota suka fito da shi a 2004, yana buƙatar sinadarin wanke inji fiye da mafi ƙarancin da gwamnati ta gindaya, kuma ya shafi kowace lamba da gidan man ke sayarwa, har 87. Idan ka yi tafiya jihohin kan tudu irin su Colorado da Utah da Wyoming, za ka ga ana sayar da 85 a matsayin na yau da kullum. Kada ka zuba shi. Dabarar 85 ta dogara ne da ƙarancin iskar tudu, ita kuwa turbo tana cike wannan giɓin. E85 ma, wato fetur da aka gauraya da sinadarin ethanol mai yawa, ka bar shi sai in motarka ta Flex Fuel ce, irin wadda aka ƙera don shan sa. Baƙin mai kuma ba wurin tsimi ba ne: injin turbo mai feshin mai kai tsaye cikin silinda yana da haɗarin wata fashewa mai tsanani da ke zuwa tun kafin filogi ya ba da wuta, a daidai ƙaramin juyin nan da nauyi, tana iya fasa fistin. Don ita aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Ka tabbata abin da littafinka ya ce shi ake zuba maka. Kuma in wata rana ka tura motar gida, kada lambobi su ruɗe ka: ma'aunin Amurka daban yake da na Turai da Afirka, 87 na Amurka ya yi daidai da wajen 91 zuwa 92 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da Afirka.

Shawarata: ka zauna a 87 na gidan mai mai kyau don zirga-zirgar yau da kullum. Ranar da za ka ja tirela, ko ka ɗauki kaya mai nauyi a tsakiyar zafin Yuli da Agusta, zuba 91 ko 93, a nan kuɗinka zai yi aiki.

Ita kuwa jijjigar, ka kai wa dila ko da gwaje-gwajen nan sun kwantar maka da hankali. Yawancin manyan kamfanoni a Amurka suna ba da garantin shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Ka gaya musu gudun da take zuwa, juyin inji, da sanyi ko bayan ta yi zafi. Ka nemi bakanikensu ya shiga motar ku fita tare, ka nemi su ba ka irinta sabuwa ka tuƙa ka kwatanta, ka tambaya ko akwai sabuwar manhajar giya ko sanarwar gyara da kamfani ya fitar. Ko sun ce ba su ga komai ba, karɓi takardar da ke nuna ka kawo ƙorafi da kwanan wata, domin dokar jiha da ke kare wanda ya sayi sabuwar mota mai aibi da takardu take aiki. Ka kuma sa lambar VIN, wato lambar shaidar motarka, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, ka ga ko an yi kiranye, wato ko kamfani ya nemi a dawo da irinta don gyara. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kimanin 102,000, Tundra da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, kuma daga cikin alamunsa akwai ƙwanƙwasa da rashin daidaiton inji, abin da babu man da zai gyara.

Idan fitilar inji ta fara ƙiftawa, ko ka ji bugun ƙarfe mai nauyi daga ƙasan injin, ko ƙarfi ya faɗi farat ɗaya, kada ka jira ranar da suka ba ka. Sauka gefen titi ka kashe ta, ka kira a ja ta zuwa wurinsu.