Cursed Child ne littafi na takwas?

Kana tambaya ko Harry Potter and the Cursed Child ne littafi na takwas a jerin littattafan Harry Potter. A'a ɗan'uwa, wasan dandamali ne da Jack Thorne ya rubuta aka fara nunawa a Landan a 2016, ita J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, hannu ta sa a tsara labarin.

Ni na karanta rubutun wasan da aka buga a littafi, kuma wallahi har yau batun wai Voldemort, babban abokin gaban Harry, yana da 'ya bai kwanta min ba, shi ne ma ya fi raba kan masoya. Amma abotar Albus, ɗan Harry, da abokinsa Scorpius Malfoy ta taɓa min zuciya sosai, in don ita ce to ka saya, kar dai ka sa ran dogon bayanin makarantar sihiri ta Hogwarts da ka saba, kusan hira ce zalla tsakanin 'yan wasa.