Kazar da ta daina kwanci da tsutsar da ta daina jin magani

Wata baiwar Allah mai kiwon kajin ƙwai ta rubuto cewa kajinta sun shekara suna saka ƙwai, amma ko ɗaya ba ta taɓa kwanci ba. Tana so ta san ko ciwo ne, da maganin da za ta saya.

Hajiya, riƙe kuɗinki, kajinki lafiyarsu ƙalau. Kaza in ta hau kwanci daina saka ƙwai take yi: kwana 21 a kan ƙwai, sannan makonni tana yawo da 'yan tsaki. Tun da injin ƙyanƙyasa ya karɓe wannan aiki, masu samar da iri suka riƙa ware kazar da ba ta tsayawa, ita ake bari ta zama uwar na gaba, mai son kwanci kuma a fitar da ita. A haka ɗabi'ar ta yi ta ja da baya, har ta kai a irin Leghorn da wuya a ga mai kwanci. Babu bitamin da zai dawo da ita. In 'yan tsaki kike so, ki haɗa su da zakara, ki sa ƙwan a inji ko ƙarƙashin wata kazar da ke kwanci.

Wani makiyayi ya ce ya daɗe yana ƙone ƙahon maruƙa tun suna ƙanana, yana tambaya yaushe shanunsa za su fara haifar marasa ƙaho.

Malam, ta wannan hanya ba za su taɓa ba. A shekarun 1880 wani masani Bajamushe, August Weismann, ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye daga iyaye zuwa jikoki, duk ɗan da aka haifa da wutsiyarsa ya zo. Abin da wuƙa ko wuta ta yi wa jiki ba ya shiga gado. Nemi bijimin da aka haifa ba ƙaho, kamar na irin Angus; wannan siffa tana rinjaye, za ka gan ta a 'ya'yansa.

Sai wasiƙar da nake samun irinta kusan kullum. Wani manomin kayan lambu ya ce maganin da a da yake kashe tsutsa nan take yanzu kamar ruwa yake fesawa. Ya ninka awo, ya sayi wani mai suna daban da ya fi tsada, duk a banza.

Ɗan'uwa, na gaji da faɗin wannan, amma zan sake: ninka awo ƙara wa matsalar ƙarfi yake. A cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka haifa da juriya. Feshinka ya share sauran, ya bar musu gona su kaɗai, suka hayayyafa. Kai ka zaɓe su da hannunka, yadda masu kaji suka zaɓi kazar da ba ta kwanci.

Ga inda sauƙi yake. Juriya sau da yawa ba kyauta ba ce. Ƙwaron da jikinsa ke kashe ƙarfi wajen narkar da guba yakan yi jinkirin girma, ko ƙwansa ya yi kaɗan, ko ya kasa jure sanyi. Muddin kana fesa wannan maganin, cinikin ya biya shi. Ranar da ka daina, juriyar ta zama kaya a kansa, marasa juriya su fi shi haihuwa, a hankali su mamaye gonar, maganin ya sake kamawa.

Haka dokar take ga duk mai rai. A wasu kogunan dutse na ƙasar Meziko akwai kifin da ba ya gani, alhali 'yan'uwansa na rafi idonsu garau. Idon yakan soma fitowa tun yana cikin ƙwai, sai ya shanye, fata ta rufe gurbin. Masana na ganin dalili biyu ne suka haɗu. Ido da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke masa aiki suna cin abinci sosai, kogo kuwa wurin yunwa ne, don haka mai ƙaramin ido ya fi rayuwa. Na biyu, a rafi kifin da aka haifa da nakasar ido cinye shi ake yi kafin ya hayayyafa, a cikin duhu kuwa nakasar ba ta hana shi komai, sai ta yi ta taruwa a zuriya. Tsutsar siliki da mutanen Sin suka fara kiwo shekara kusan 5,000 da suka wuce, in ta balaga tana da fukafukai amma ba ta iya tashi, domin abinci da abokin barbara duk a gabanta ake ajiyewa. Masanin halittu Charles Darwin ma a 1859 ya rubuta cewa ƙashin fiffiken agwagwar gida ya fi na ta daji rashin nauyi, na ƙafarta kuma ya fi nauyi, in an gwada da sauran ƙasusuwan jiki.

Kada dai ka ɗauka daina feshi na mako biyu zai wanke gonarka. Sai ƙwarin sun hayayyafa sau da yawa, kuma wani lokaci juriyar ba ta tafiya. A Ostireliya, ƙudan da ke sa wa tumaki tsutsa ya samu juriyar wani maganin ƙwari mai suna diazinon, da farko tana rage masa ƙarfi. Da aka nace da maganin shekara da shekaru, sai wani sauyin gado ya zo ya ɗauke wannan rauni, juriyar ta zauna daram. Shi ya sa nake matsa muku ku canza magani tun yana aiki.

Canzawar kuma ba ta sunan da ke jikin kwalba ba ce. Duba sinadarin da ke ciki da lambar rukuninsa, kamfanoni da yawa suna bugawa a takardar. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin duk rukunin 3A ne, in ka bar wannan ka koma wancan ba ka je ko'ina ba. Emamectin rukuni na 6 ne, chlorantraniliprole na 28. Yi amfani da rukuni ɗaya na kamar wata guda, ka koma wani, kada ka dawo wa na farko a jere. Bi awon da aka rubuta, ka fesa tun tsutsa tana ƙarama, kuma ka zaga gona ka ga ɓarnar ta kai a fesa kafin ka ɗauki famfo. In maƙwabtanka na ci gaba da zuba tsohon maganin, ƙwarinsu za su ƙetaro maka, don haka ku yi shawara ku canza tare.

Wani ɗalibin aikin gona ya tambayi dalilin da masara ba ta tsirowa da kanta a daji. Kakarta, ciyawar teosinte ta Meziko, tana zubar da ƙwayarta in ta nuna, amma manoman farko, shekara kusan 9,000 baya, wadda ƙwayarta ta tsaya a jiki suke iya girbewa su shuka, har zubarwar ta ɓace.

Mai tambaya ko baƙaƙen ɗigon da ke tsakiyar ayaba za su tsiro in an shuka: a'a, ragowar iri ne da bai ƙosa ba. Ciro ɗan da ya fito a gindin uwa mai lafiya, ka fere saiwar ka duba babu ramin tsutsa, sannan ka dasa.