Ku Tambaya: Akwatin Auna Ruwa a Bakin Kogi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a Auyo, jihar Jigawa. Kwanaki na ga an kafa wani ƙarfe a jikin gada, da faifan sola da ɗan akwati a kulle, aka ce na auna ruwa ne. Malam, shin wannan zai hana ambaliya cinye mana gona?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiya ba zai hana ba, ɗan'uwa. Lokaci yake ba ka, kuma manomin da ruwa ya taɓa yi wa dirar tsakar dare ya san darajar kwana biyu.

Irin wanda ka gani, a ƙarƙashin gada ake rataye shi yana kallon ruwa. Yana aika sigina ƙasa, ta bugi fuskar ruwa ta dawo, daga nan ya lissafa tsayin kogin. Akwai kuma wanda ake nutsarwa cikin bututu, shi nauyin ruwan da ke bisansa yake ji. Cikin akwatin batir ne da layin waya, su ke tura adadin zuwa ofis. Na taɓa buɗe wani bayan damina, na tarar laka ta toshe bututun tsaf, ga gidan zanzaro a jikin wayoyin, wata guda yana aika lamba ɗaya ba wanda ya lura. Abin ya tsaya mini a rai.

Amma ka lura da wannan: na'urar da ke ƙofar gidanka ba ita ce za ta cece ka ba. Ruwan da ke isowa Auyo daga madatsun Tiga da Challawa yake gangarowa, ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya same ku. Awon da aka yi a can sama shi ne gargaɗinku. A Yamai, idan kogin Neja ya kai santimita 620 an shiga matakin ja, wato matakin haɗari mafi girma, kowa ya san ma'anar lambar. Mu ma haka muke buƙata.

Don haka ku je wajen mai unguwa, ku nemi a gaya muku wa ke karɓar saƙon, kuma in ruwan ya kai tsayi nawa za a kira ku. Ku sa ido kan faifan solar, don shi ɓarayi ke fara cirewa. Sannan ku roƙi a kafa sandar awo mai fenti kusa da na'urar, wadda ko yaro zai karanta ran da batir ya mutu.